Miki da Magani a Cikin *Wa Zai Auri Jahila?* na Balaraba Ramat Yakubu

1.0 Gabatarwa

Manazarta sun fi duban *Wa Zai Auri Jahila?* (1990) ta fuskar ilmin mata da auren dole. Misali, Novian Whitsitt, a maƙalarsa a kan marubuciyar, wadda ta fito a mujallar *Research in African Literatures* a 2002, ya mai da hankali ne ga yadda take kafa hujja da Musulunci wajen neman haƙƙin mace. Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi littafin ta wata fuska dabam, wato a matsayin labarin jinya: yadda yarinyar da aka cuta take farfaɗowa, da kuma inda maganin da littafin ya bayar ya tsaya.

2.0 Marubuciyar

An haifi Balaraba Ramat Yakubu a birnin Kano a 1959, kuma ƙanwa ce ga Janar Murtala Muhammed. An fitar da ita daga makaranta aka yi mata aure tana 'yar kimanin shekara 13, auren kuwa bai kai shekara biyu ba ya mutu. Daga baya ta koma ga karatu ta hanyar ajin manya, ta fitar da *Budurwar Zuciya* a 1987, ta kuma shiga ƙungiyar marubuta ta Raina Kama. Ba a kawo wannan tarihi don a ce ƙagaggen labarin tarihin rayuwarta ne ba, sai don a nuna cewa alƙalamin da ya zana Abu ya san zafin abin da yake zanawa.

3.0 Mikin

Abu, tauraruwar littafin, 'yar ƙauye ce mai shekara 13. Mahaifinta Malam Garba ya cire ta daga makaranta. Ahmadu, wanda aka yi musu baiko, ya ƙi ta da cewa jahila ce. Sai aka ba Sarkin Noma ita, mutum mai shekara 52. Ya auka mata da ƙarfi, ta gudu Kano wurin Hajiya Kumatu, ta haihu ɗan bai zo da rai ba, ta kuma kamu da yoyon fitsari.

Gwanintar marubuciyar a nan ita ce ta ƙi sakaya abin da al'adar kunya take sakayawa. Ta nuna cutar a matsayin sarƙa: cirewa daga makaranta ta jawo ƙi, ƙi ya jawo auren huce haushi, auren ya jawo lalurar. Ba ƙaddara ce ta faɗo daga sama ba, shawarar maza ce ɗaya bayan ɗaya. Da haka sunan littafin ya juya a kan masu faɗarsa, domin kafin a kai ƙarshe mai karatu ya riga ya gane wane ne jahili.

Lalurar kuwa ba ƙage ba ce. A 1984 Dakta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, ya fara ɗinkin yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina, aikin ya kuma kai Asibitin Murtala da ke cikin birnin Kano, daura da Ƙofar Mata. Wato littafin ya fito ne a daidai lokacin da ake ganin irin su Abu a ɗakunan jinya.

4.0 Maganin

Magani uku littafin ya bayar: asibiti, wanda ya gyara jiki, gidan Hajiya Kumatu, wanda ya ba da mafaka ba tare da zargi ba, da ajin manya, wanda ya kai Abu ga zama ma'aikaciyar jinya. Na ukun ma yana da tushe a zahiri, domin gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilmin Manya ta Jihar Kano a 1980. Hikimar tsarin ita ce majinyaciya ta zama mai jinya, wadda aka ɗauka a kan gado ta koma tsaye a gefen gado.

To, a nan ne kuma raunin littafin yake. Ya auna warkewa da takardar shaida da aiki da daraja a idon jama'a, alhali likitocin ƙwaƙwalwa sun tabbatar cewa cutar ƙuruciya takan bar firgita da ciwon damuwa da ƙyamar kai, waɗanda sukan daɗe bayan jiki ya warke. A ƙasar Hausa sau da yawa akan kira wannan iska, ko a ce wa mai shi ya yi haƙuri. Mai karatu yana iya fita da zaton cewa nasara ita ce lafiya. Haka kuma tambaya ta rage game da yarinyar da ba ta da wata Hajiya Kumatu a birni.

5.0 Kammalawa

Abin lura shi ne marubuciyar ba ta tsaya ga alƙalami ba. Ta yi aikin ba da shawara ga waɗanda bala'i ya firgita a Gidauniyar Murtala Muhammed, wato ta bi mikin zuci zuwa inda labarin Abu bai kai ba. Saboda haka ya kamata masu koyar da littafin su haɗa shi da wannan aiki nata, su tambayi ɗalibai me ya warke a jikin Abu, me kuma ya saura.