BABI NA HUƊU: WAƘAR HAƊA KAN AL'UMMAR AFIRKA A MA'AUNIN WAƘA DA FIM NA GWAGWARMAYA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin jigo da salon "Waƙar Haɗa Kan Al'ummar Afirka" ta Alhaji Abubakar Ladan Zariya, wadda kamfanin NNPC ya buga a Zariya a 1976. A wannan babi za a auna ta da wasu ayyukan fasaha da aka yi amfani da su wajen nema wa baƙar fatar Afirka ta Kudu goyon bayan duniya. Manufar ita ce a gano ko waƙar ta cancanci shiga sahun waƙoƙin gwagwarmaya, da kuma abin da take nufi ga mutanen ƙasar Daura, waɗanda iyakar ƙasa ta ratsa tsakaninsu da danginsu.

4.1 Fim a Matsayin Shaida

Abin da ake nufi da fim ɗin gaskiya a nan shi ne wanda aka ɗauko daga rayuwar mutane ta zahiri domin a kafa hujja da shi. Misali mafi dacewa shi ne Come Back, Africa na Lionel Rogosin, ɗan Amurka, wanda aka nuna a bikin finafinai na Banis a ƙasar Italiya a 1959. Rogosin ya ɓoye wa hukumomin Afirka ta Kudu ainihin manufarsa, ya ɗauki hoton unguwar Sophiatown a daidai lokacin da ake rushe ta ana kwashe baƙar fata. Ya gauraya ƙagaggen labarin wani lebura mai suna Zachariah da hotunan ma'adinai da tituna na gaskiya, ta yadda mai kallo zai ga abin da dokar takardar izinin yawo ke yi wa magidanci.

A cikin fim ɗin Miriam Makeba ta fito na ɗan lokaci tana waƙa. Wannan 'yar fitowa ita ta kai ta Turai, daga nan ta wuce Amurka. A 1960 gwamnatin ƙasarta ta soke fasfonta, har ba ta sami halartar jana'izar mahaifiyarta ba. A 1963 ta tsaya gaban kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da wariyar launin fata ta ba da shaida. Idan aka lura, a nan fim ne ya buɗe ƙofa, waƙa ta shiga ta zauna. Fim ya nuna wa baƙo abin da bai taɓa gani ba, domin gani ya kori ji, ita kuwa waƙa ta riƙe masa abin a zuciya bayan an kashe fitilar majigi.

Fim na biyu, Amandla! na Lee Hirsch (2002), ya zo bayan an gama yaƙin, saboda haka aikinsa adana tarihi ne. Ya buɗe da tono ƙasusuwan Vuyisile Mini, mawaƙi kuma ɗan ƙungiyar ƙwadago da aka rataye a Firitoriya a 1964. Darasin da ke ciki shi ne gwamnati tana iya kashe mawaƙi, amma ba ta da hanyar ƙwace waƙar da jama'a suka riga suka haddace.

4.2 Matsayin Nijeriya

Nijeriya ba 'yar kallo ba ce a wannan gwagwarmaya. Bayan kisan ɗalibai a Soweto ranar 16 ga Yuni, 1976, an kafa asusun taimaka wa Kudancin Afirka, kuma a watan Agusta na 1977 aka yi taron duniya na yaƙi da wariyar launin fata a Legas. A farkon shekarun 1980 Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, ya shugabanci kwamitin nan da Makeba ta yi wa jawabi. Ta fuskar waƙa kuma Sonny Okosun ya yi "Fire in Soweto", sannan ya shiga cikin mawaƙan da suka yi "Sun City" a 1985, inda suka yi alkawarin ƙin zuwa wasa a wannan wurin shaƙatawa. Sai dai waɗannan duk da Turanci aka yi su. Manomin Sandamu ko na Baure bai san da su ba, sai abin da rediyo ya fassara masa a labarai.

Fim ma bai cike wannan giɓi ba. Majigin da aka sani a Arewa tun zamanin Turawa motar gwamnati ce ke kawo shi, da finafinai irin su Baban Larai masu koyar da noma. Talaka ya saba da fim a matsayin muryar hukuma. A wannan fili da babu kowa ne waƙar Abubakar Ladan ta tsaya, ta yi wa Bahaushe maganar Afirka da harshensa.

4.3 Ƙarfin Waƙar a Ƙasar Daura

Babban ƙarfin waƙar shi ne yadda ta mayar da Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka, wadda aka kafa a Adis Ababa ranar 25 ga Mayu, 1963, abin da za a iya rerawa. Jero sunayen ƙasashe da mawaƙin ya yi ya zama taswira ga wanda bai shiga aji ba. Amshinta kuma addu'a ne, don haka mai sauraro ba ya jin ana cusa masa siyasa, sai ya ji kamar an ce ya shafa.

A ƙasar Daura wannan kira yana da ma'ana ta musamman. Bayan jihadi, dangin Sarkin Gwari Abdu sun zauna a Zango da Baure, har zuwa 1906 da Turawa suka dawo da Malam Musa Daura. A cikin waɗannan shekaru ne Ingila da Faransa suka shata iyakar da ta bar wasu garuruwan Hausawa a Nijar wasu a Nijeriya. Wanda ya bi hanyar Kwangwalam a Ƙaramar Hukumar Mai'aduwa zuwa Matamaye da Damagaram ba ya sauya harshe ko sutura. Ga mutumin Mai'aduwa, haɗa kan Afirka magana ce ta zuwa suna da biki da kasuwa. Abin da mai kallo a Banis ke buƙatar fim ya nuna masa, shi a ƙofar gidansa yake.

4.4 Raunin Waƙar

Duk da haka, idan aka ɗora waƙar a kan ma'aunin da aka kafa a 4.1, za a ga ta gaza a wurare biyu. Na farko, ba ta da buƙata guda ɗaya da za a iya cewa an biya ko ba a biya ba. Masu "Sun City" sun ce kada a je wuri kaza. Taron waƙa na Wembley na 11 ga Yuni, 1988, ya ce a saki Mandela, aka kuma sake shi ranar 11 ga Fabrairu, 1990. Kiran a so juna kuwa ba shi da ranar cika. Na biyu, waƙar ba ta sa wani mai mulki na gida cikin damuwa ba. Shugaban da ya rufe iyaka da talakan da aka rufe wa duk suna iya yin amshinta tare.

An ga haka a aikace. Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ta sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, har zuwa Maris 2024. Waɗanda suka yi ta kai gwauro suna kai mari don hana yaƙi a 2023 malamai ne da sarakuna, kuma hujjarsu ita ce ta Abubakar Ladan, wato 'yan'uwantaka. Wannan ya nuna jigon waƙar yana da rai, amma ya nuna kuma cewa ƙasa ta fi ƙarfin addu'ar da ba a haɗa ta da takamaimiyar buƙata ba.

4.5 Naɗewa

Daga abin da ya gabata, ra'ayin wannan bincike shi ne ya fi dacewa a sanya "Waƙar Haɗa Kan Al'ummar Afirka" cikin waƙoƙin wayar da kai, domin ta shuka zumunci ba tare da ta nuna wanda za a tunkara ba. Wannan bai rage mata daraja ba, tunda sai an san ɗan'uwa kafin a tsaya masa. A babi na gaba za a duba yadda mawaƙan jam'iyyar NEPU, musamman Alhaji Mudi Sipikin, suka bi wata hanyar dabam.