Wankan Jego da Gazawar Zuciya: Sharhi a kan Nazarin Davidson da Parry

A shekarar 1978 likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, N. M. Davidson da E. H. O. Parry, suka buga nazarinsu a kan mata 224 da zuciyarsu ta gaza a lokacin haihuwa ko bayanta. Ƙasar Zazzau da kudancin Katsina, musamman wajen Malumfashi, suna cikin inda cutar ta fi yawa. Marubutan sun danganta ta da al'adun jego, watau wankan ruwan zafi, da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta, da shan kunun kanwa.

Hujjarsu tana da ƙarfi. Ita zuciya tsoka ce mai ɗakuna huɗu. Ɓangaren dama yana tura jini zuwa huhu ya ɗebo iska, na hagu kuma ya watsa shi ko'ina a jiki. Kanwa, kamar gishiri, tana riƙe ruwa a cikin jini, ya ƙara yawa. Zafi kuwa yana buɗe jijiyoyin fata, sai aikin zuciya ya ƙaru. In ta kasa, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu, numfashi ya yi wuya.

Abin yabo shi ne marubutan ba su raina tunanin Bahaushe ba, sun lura da matsayin "sanyi" a cikinsa. A ƙauyukan Funtuwa da Malumfashi, jego yaƙi ne da sanyi. Saboda haka in mai jego ta kumbura, sai a ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wuta, a ƙara kanwa, magani ya koma guba.

Amma fa nazarin yana da rauni. Kusan kowace mai jego a wannan yanki tana yin wankan, to, me ya sa kaɗan ne suke kamuwa? Al'ada ita kaɗai ba ta isa amsa ba. Binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye da abokan aikinsa suka yi daga baya, wanda aka buga a 2015 da 2020, ya fi karkata ga ƙarancin sinadarin seleniyam, da rama, da talauci, da hawan jinin masu ciki. Duk da haka ana ta maimaita hukuncin 1978 kamar an rufe magana, domin zargin ungozoma ya fi sauƙi bisa ga tambayar abin da matar manomi take ci.

Har ila yau akwai matsalar harshe. "Ciwon zuciya" a bakin Bahaushe yakan nufi baƙin ciki, "jijiya" kuma ta haɗa hanyar jini da agara. Ma'aikacin lafiya da bai lura da wannan ba zai yi ta bayani, mai jego ta koma gida a hura mata wuta. Ya fi kyau ya kama abin da ido yake gani: kumburi da haki bayan haihuwa, a tafi asibiti.