Kirari da Shaida a Takardar Jerin Abinci

Masu nazarin adabi ba su cika waiwayar takardar jerin abinci da ake miƙa wa baƙo a gidan cin abinci ba, alhali kuwa rubutu ce mai marubuci da makaranci da manufa. Abin da ya raba ta da waƙa ko ƙagaggen labari shi ne, mai karanta ta yakan biya kuɗi a kan kalma, sannan ya haɗiye abin da kalmar ta wakilta. Cinikin biri a sama ne: baƙo yana zaune a teburi, tukunya tana can cikin madafa, babu abin da ya sada su sai 'yan kalmomi. Wannan maƙala za ta auna irin waɗannan kalmomi da wata badaƙala da ta auku a Japan a shekarar 2013, domin gano inda adon harshe yake ƙarewa, ha'inci ya soma.

A watan Oktoba na shekarar, kamfanin otal-otal na Hankyu Hanshin da ke birnin Osaka ya bayyana cewa nau'in abinci 47 da ya sayar sun saɓa wa abin da aka rubuta a takarda. Kimanin mutum 79,000 ne suka ci, tun daga 2006. Inda aka rubuta jatan landen "shiba", wani ƙaramin nau'i mai tsada da ake kamawa a tekun ƙasar, an dafa "banamei" mai araha, wanda ake kiwo a tafkuna. Inda aka rubuta albasar Kujo, wadda birnin Kyoto ya yi suna da nomanta, albasa gama-gari aka yanka. Curin niƙaƙƙen naman da aka ce da hannu aka murza shi, a shirye aka sayo shi. Ba a jima ba otal ɗin Ritz-Carlton na Osaka ya amsa cewa ruwan 'ya'yan itacen da ya kira sabuwar matsa na kwali ne, daga nan wasu otal-otal da manyan kantuna suka biyo baya da nasu iƙirarin.

Wanda ya dubi kalmomin da aka kama da ƙarya zai ga iri uku ne kacal: sunan jinsi, sunan wuri, da yadda aka sarrafa. Babu wanda aka tuhuma don ya rubuta "mai daɗi" ko "mai narkewa a baki". Dalili kuwa a fili yake ga ɗalibin adabi. Takardar abinci tana magana da murya biyu. Ta farko muryar kirari ce. Idan maroƙi ya kira basarake giwa, babu mai neman ganin haure, domin mai faɗa da mai ji sun san kambamawa ce. Haka "miya mai ratsa zuciya" take. Harshen mai ci zai yanke mata hukunci a lomar farko. Ta biyu muryar shaida ce. Wanda ya rubuta "Kujo" ya ba da labarin gonar da mai ci bai taɓa takawa ba, kuma da zarar albasa ta sha mai da yaji, da wuya harshe ya tantance asalinta. A nan mai ci ba shi da madogara sai amanar marubuci. Laifin waɗannan otal-otal shi ne sun ɗauki 'yancin maroƙi suka shiga da shi rumfar mai shaida.

Kariyar da shugaban kamfanin, Hiroshi Desaki, ya kawo ita ma nassi ce da ta cancanci nazari. Ya dage cewa abin da ya faru kuskuren rubutu ne, babu niyyar yaudara, ya ɗora shi a kan rashin fahimtar juna tsakanin masu girki da masu tsara takarda. An kuma kawo hanzarin cewa a al'adar masu girkin Sin da ke Japan, duk ƙaramin jatan lande "shiba" ake ce masa. Hujjojin biyu suna da rauni. Kuskure na gaskiya ba ya zaɓen alƙibla, yakan faɗa hagu ya faɗa dama, amma misalan nan duka sun karkata gefe guda: suna mai tsada a takarda, kaya mai araha a faranti. Batun al'adar madafa kuwa, ai ba don kuku aka buga takardar ba. Ma'anar kalma a rubutun ciniki ita ce abin da mai saye ya fahimta, kuma zaurancen da ma'aikata suka sani su kaɗai ba ya zama uzuri a gaban wanda ya biya. Jama'a ba su karɓi bayanin ba, kafin watan ya ƙare Desaki ya sanar da murabus ɗinsa.

Mai musu zai iya cewa: tunda baƙo ya ci ya ji daɗi, bai ma lura ba, wace cuta aka yi masa? An cuce shi a aljihu, domin farashin da ya biya na kalmar ne. An cuci manomin Kyoto, wanda aka ari sunan gonarsa aka sayar da kayan wani. Cutar ma takan wuce nan. A wani masauki da ke birnin Nara, naman da aka kira na shanun Japan ashe haɗaɗɗen nama ne daga Ostareliya, mai ɗauke da sinadaran madara da alkama da waken suya. Ga wanda jikinsa ba ya karɓar waɗannan, kalma ɗaya ta ƙarya tana iya kai shi asibiti.

Hukuma ta bi sawun wannan fahimta. A 2014 Japan ta gyara dokarta ta hana bayanin kaya mai ruɗarwa, ta ƙara tarar kashi 3 cikin 100 na cinikin da aka yi da bayanin ƙarya, tarar ta fara aiki a Afrilun 2016. Ma'aunin dokar shi ne ko rubutun ya sa mai saye ya ɗauka kayan sun fi yadda suke nesa ba kusa ba, wato ta tsaya a gefen makaranci.

Wannan ma'auni zai yi aiki ko a Kano ko a Damagaram, duk inda aka rubuta "kazar Hausa" ko "zuma tsantsa". Marubucin takardar abinci yana da damar ya yi wa girkinsa kirari iya son ransa, babu mai nazarin da zai hana shi. Amma kafin ya rubuta sunan jinsi ko na gari ko na hannun da ya sarrafa, sai ya tambayi kansa ko zai yarda baƙon ya biyo shi madafa ya buɗe tukunya.