Daga Gona Zuwa Parsel

Duk mai hawa mota daga Madarumfa zuwa Maraɗi ya san wurin da nake nufi. Kafin ka shiga gari, gero na tsaye a gona, amma a tsakanin kunyoyi ga turakun siminti an kakkafa, kowane da lambarsa da jan fenti. Manomi bai girbe ba tukuna, ƴan awo sun riga sun raba.

Ni ɗalibin harshe ne, don haka ta kalmomi zan shiga. Kakanninmu na cewa gona, kuma gona tana da mai ita, da tarihinta, da gawon da ya yi mata iyaka. Ranar da dillali ya zo sai ta koma fili, ko hili yadda muke faɗa a nan. Fili kuwa wuri ne da babu komi a cikinsa, ko kunya ba a ji in an sayar. Bayan lotisma sai ta zama parsel, abin da ake ajewa kamar tunkiya a jira ta yi tsada. Na ga haka a danginmu. Wani kawuna ya karɓi kuɗi da ƴan parsel cikin gonarsa ta gado, ya ce: "Ai hilin wanga ba ya ba da komi yanzu." Shekara biyu kuɗin sun ƙare, yau a tiya yake awon hatsi.

Ba faɗaɗar Maraɗi nake suka ba. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 267,000 a birnin, kuma haihuwa ba ta tsaya ba. Dole mutane su samu wurin kwana. Abin da nake suka shi ne a ce lotisma ita ce tsari. Yanka ƙasa murabba'i-murabba'i awo ne kawai. Tsari shi ne a zamna a ce nan da shekara 30 ina ruwan sama zai bi, ina lakwal da likita, ina maƙabarta, ina burtalin shanu, wace ƙasa ce ba za a taɓa ba ko nawa aka taya. Kuma birnin ba ya da inda zai miƙe ƙafa sai cikin ƙasar maƙwabta: Jiratawa, Safo, Tibiri. Kowace komin tana da nata buƙatar kuɗi, sayar da fili kuwa ita ce hanya mafi sauƙi. To wa ke kallon taswirar gaba ɗaya?

Abin haushi, garin nan ya taɓa shan darasi. Tsohuwar Maraɗi cikin kwarin Gulbi take, sai ambaliyar 1945 ta ci ta, aka tashi aka hau tudu. Titunan nan miƙaƙƙu na tsakiyar gari daga wannan tashin suka samo asali. Yau kuma ana gini a hanyar ruwa, damina ta zo a ce ƙaddara. A 2015, lokacin Maraɗi Kwalliya, an zuba kwalta da fitilu, gari ya yi kyau, ban musa ba. Amma kwalliya sunanta, kuma unguwannin baki-baki ba su ga hoda ba.

Mu na Madarumfa abin ya fi shafa. Fadamar Gulbi da lambunan Jiratawa su ke ciyar da birni da kayan miya. Tabkinmu da Gulbi ya dogara, Gulbi kuma tun da aka yi madatsar Jibiya a Najeriya ba shi da cikakken ikon kansa. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Ta ƙasarmu zai shigo daga Jibiya, kuma masu kuɗi ba su jiran jirgi ya iso kafin su saye bakin hanya.

Dokar ƙasar noma ta 1993 ta tanadi kwamitocin ƙasa, wannan abu ne mai kyau. Sai dai takardun tsarin birni da Faransanci ake rubuta su, Faransancin ma na injiniyoyi, wanda mu da ke jami'a sai mun buɗe ƙamus. Mai gonar da aka shafa wa launin rawaya a taswira bai san an shafa ba. A fassara tsarin da Hausa, a karanta shi a rediyo, a kafa taswirar a ƙofar mai gari kafin a kafa turaku. Masu fassara ba su yi wuya ba, ajinmu kaɗai ya isa.