Daga wayar keke zuwa faifai: farkon Mdou Moctar

Yau zancen kiɗi za mu yi. Akwai wani ɗan ƙasarmu, Mahamadu Sulaiman, wanda duniya ta sani da sunan Mdou Moctar. Ba'abzine ne, mutumin Cin-Tabaraden cikin jihar Tawa. Shi da abokan kiɗinshi sun zagaya Turai da Amurka. Amma ni farkonshi nike so mu duba.

Iyayenshi masu riƙon addini ne, ba su so ɗansu shi zama makaɗi ba. Kuɗin sayen gita kuma babu. Sai ya samu katako da wayar birkin keke, ya haɗa tashi da hannunshi. Ga shi bahago, alhali yawancin gita don na-dama aka yi su. Ya tahi Libiya biɗar abinci. Da ya komo, wurin bikin arme yake samun na tuwo.

A shekara ta 2008 ya tahi Sakkwato, anka ɗauki waƙoƙinshi na farko. Sunan aikin Anar. In kun saurara, za ku ji abu biyu sun gamu. Harshen waƙar na Abzinawa ne. Amma an saka muryar cikin inji, tana rawa kamar ta waƙoƙin fim na Kano. Gangar ma inji ne ke buga ta.

Ga ra'ayina. Anar na da daɗi, amma injin ya rufe makaɗin. Muryar ba tashi ba ce tsantsa. Gitar da ya sha wahala kanta, an bar ta baya. Duk da haka ba ni cewa kuskure ya yi. Wannan salon kunnen samari ya saba da shi a lokacin. Da shi waƙar ta samu shiga.

To, ta ina ta shiga? Ba a kai ta kanti ba. Daga salula zuwa salula ta bi, wannan shi tura ma wancan, har ta kai Mali. Kowa na ji, ba wanda ya biya mai ita. Mai tura waƙa a kasuwa shina samun 'yan dalolinshi, makaɗi na kallo. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi.

Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci waƙar Tahoultine cikin salular mutane. Ya saka ta cikin wani faifai a shekara ta 2011. Ya biɗi mai waƙar har ya same shi, ya kawo mashi gita ta bahago. A 2013 faifan Afelan ya hito, wanda anka ɗauka a Cin-Tabaraden.

Cikin ayyukan farko, Afelan ya hi burge ni. Injin gyaran murya ya kauce. Mutum ne da gitarshi da 'yan amshi. Kana jin yatsun hagu na gudu bisa waya, kana jin tafi. Ɗaukar ba ta da tsabta sosai, akwai ƙara nan da can. Amma nan ne mutum ke gane gwani ne.

Daga baya ƙungiyar ta tsaya da ƙafarta, da Ahmudu Madasan a gita ta biyu da Ba'amurke Mikey Coltun a gita mai babbar murya. Sun hiddo Ilana a 2019, da Afrique Victime a 2021. Kiɗin ya ƙara ƙarhi da sauri. Wani lokaci gitar na tsawaita har ta danne magana. Wannan na ma baƙi daɗi, tun da ba su jin harshen. Mu ko, waƙa magana ce.

Abin da ke damuna shi ne wannan: waƙar na cikin aljihunmu shekara uku, sai da baƙo ya zo kana munka san darajar mai ita. Yau ma akwai yaro cikin wani gari shina ɗaure waya ga katako. In ya yi muku kiɗin biki, ku biya shi haƙƙinshi. In an tura muku waƙarshi, ku tambayi sunanshi, ku riƙe.