Koyar da Yoga: Daga Fadar Maisur Zuwa Takardar Awa 200

A shekarar 1933 aka buɗe wata makaranta a wani sashe na fadar Jaganmohan da ke birnin Maisur, a kudancin Indiya. Sarkin ƙasar, Krishnaraja Wodeyar na Huɗu, shi ya ɗauki nauyinta, ya damƙa ta a hannun wani malami mai suna Tirumalai Krishnamacharya. Yawancin ɗaliban samari ne masu jini a jika. Makarantar ba ta cika shekara 20 ba aka rufe ta, bayan Indiya ta sami 'yancin kai kuma ƙarfin sarakuna ya ja baya. Duk da haka, idan ka ga mutum yau ya shimfiɗa tabarmar roba a Legas ko Alƙahira ko Landan, yana lanƙwasawa yana miƙewa daidai da shigar numfashinsa da fitarsa, da wuya a ce abin da yake yi bai biyo ta hannun wannan malami ko ɗalibansa ba.

Masu tallar yoga sun fi son a ce abin ya shekara 5,000 bai canza ba. Littattafan Indiya da kansu ba su goyi bayan haka ba. Wanda aka fi kafa hujja da shi, wato Yoga Sutra na Patanjali, masana da yawa na ganin an kammala shi wajen ƙarni na 4 ko na 5 Miladiyya. Gajerun jimloli ne 195 ko 196, gwargwadon kwafin da aka duba. Ya kasa tafarkin gida 8, ya fara da barin cuta da ƙarya da sata, ya bi ta tsabta da wadar zuci da sarrafa numfashi, har ya kai ga nutsewa cikin tunani. Jimla 3 kacal suka taɓo yanayin jiki, su ma maganar zama suke yi, yadda mutum zai daɗe a wuri ɗaya jikinsa bai dame shi ba. Abin da ake nema shi ne kuɓutar rai daga zagayen mutuwa da sake haihuwa, kamar yadda addinan Indiya suka yi imani. Littafin Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15 ya fi kula da jiki, amma yanayi 15 kawai ya bayyana, da dama daga cikinsu na zaune ne, kuma masu gudun duniya ne ke aiki da shi. Ko Swami Vivekananda, wanda ya yi jawabi a Shikago a 1893 ya sa mutanen Amurka suka fara tambayar mene ne yoga, bai ɗauki lanƙwasa jiki da wani muhimmanci ba.

Sauyin ya zo ne a farkon ƙarni na 20. Turawan mulkin mallaka sun daɗe suna yi wa Indiyawa gorin rauni, sai matasa masu kishin ƙasa suka rungumi gina jiki. A makarantu da barikin soja ana koyar da salon atisayen Suwidin, a fagagen kokawar gargajiya kuma 'yan kokawa na da nasu tsohon horo. A 1918 Shri Yogendra ya kafa cibiyarsa a Bombay, a 1924 Swami Kuvalayananda ya kafa Kaivalyadhama a Lonavla, inda ya riƙa auna tasirin numfashi da motsi da kayan aikin likita. Jerin motsin da ake kira Surya Namaskar, gaisuwar rana, wanda yau ake buɗe aji da shi, Sarkin Aundh ne ya yayata shi a shekarun 1920, kuma da farko ba a ma lissafa shi cikin yoga. Mark Singleton, a littafinsa Yoga Body na 2010, ya nuna yadda waɗannan koguna suka haɗu a wurare irin su Maisur. Wasu masana sun ja da shi, suka fito da wani rubutu na ƙarni na 18, Hathabhyasapaddhati, mai yanayi 112, shaidar cewa yawan motsi ba daga Turai kaɗai ya zo ba. A ganina kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Tushen na Indiya ne, ginin kuma bai wuce shekara 100 da 'yan kai ba. Sabuntar abu ba aibi ba ce; ɓoye ta don a ƙara kuɗin aji, shi ne aibi.

Abin da ya fi jan hankalina game da Krishnamacharya shi ne, fitattun ɗalibansa 4 sun fito da yoga iri 4, kowa kuma yana cewa abin da malam ya koya masa ke nan. Pattabhi Jois, wanda ya same shi yana yaro, ya ɗauki salo mai zafi da zufa, motsi na bin motsi ba tsayawa, shi ne ake kira Ashtanga. B.K.S. Iyengar, ƙanin matar malamin, ya taso da ciwon zazzaɓin cizon sauro da taifod da tarin fuka. Da aka tura shi Pune a 1937, sai ya duƙufa kan daidaita kowace gaɓa, ya shigo da bulon katako da ɗamara da kujera da igiya domin tsoho da majinyaci su ma su iya. Littafinsa Light on Yoga na 1966, mai hotuna kimanin 600, ya zama abin dubawa a duniya. Indra Devi, haifaffiyar Riga, wadda malamin ya ƙi karɓa da farko saboda mace ce kuma baƙuwa sai da fada ta sa baki, ta kai salo mai laushi Hollywood a ƙarshen shekarun 1940. Ɗan malamin, T.K.V. Desikachar, kuwa ya same shi ne bayan ya manyanta a Madras, yana duba marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya, don haka cibiyar da ya kafa a 1976 ta tsaya kan malami ɗaya, ɗalibi ɗaya.

Ba saɓani ba ne. Malamin yana duban wanda ke gabansa ne, shekarunsa da ƙarfinsa da ciwonsa da sana'arsa, sannan ya yanka masa abin da ya dace da shi. Nan ne ƙashin bayan koyarwar yake, kuma shi ne abin da ya fi saurin zubewa a hanya.

Har yau ana iya ganin ragowar wannan tarbiyya a tsarin da ake kira salon Maisur. Ɗalibai sukan hallara tun da asuba, ba mai tsayawa a gaba yana ba da umarni. Kowa yana yin jerin da ya haddace, daidai da numfashinsa. Malami yana zagawa, ya gyara wa wannan kafaɗa, ya tsai da wancan. Wanda ya yi makarantar allo zai gane tsarin nan take: ɗaki ɗaya, kowa da inda karatunsa ya tsaya, kuma ba a yi maka ƙari sai ka biya na baya ya zauna. Ɗalibi na iya yin watanni a kan motsi ɗaya, malam bai ce ya wuce ba. Mai gaggawa yakan ji haushi, amma gwiwa da ƙugu da wuya ba sa son gaggawa, kuma jinkirin nan ne ke kare su.

Sai ga abin da ya biyo baya. A 1999 aka kafa ƙungiyar Yoga Alliance a Amurka, ta sa awa 200 na horo a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum zai yi kafin a rubuta sunansa cikin malamai. Niyyar ita ce a sa ƙa'ida inda babu. Amma kasuwa ta mai da mafi ƙaranci ya zama shi ne ma'auni. A Rishikesh, garin bakin kogin Ganges da ya yi suna tun da mawaƙan Beatles suka je a 1968, makarantu barkatai suna cusa awa 200 ɗin nan cikin wata guda. Mutum ya zo bai taɓa yi ba, ya koma gida da takardar shaidar malanta. Zai iya haddace sunayen motsi, zai iya jan aji na mutum 30 da murya mai daɗi. Abin da wata guda ba ya bayarwa shi ne ido: ya hango cewa matar da ke layin baya tana da juna biyu, ko dattijon can yana riƙe numfashi saboda zafi yana jin kunyar faɗa. Tsayuwa a kan kai, ƙafa a sama, tana da hatsari ga mai hawan jini da mai hawan jinin ido da mai matsalar wuya. Malamin da bai tambayi lafiyarka ba kafin ya sa ka yi ta, bai san aikinsa ba.

Kada a ɗauka ina kukan a koma zamanin da ba a yi wa guru, wato malami, musu. Wancan tsari ma ya cuci mutane. Iyengar da kansa ya ba da labarin tsananin malaminsa, har ya taɓa yaga naman cinyarsa garin yin wani motsi da aka tilasta masa a gaban baƙi. Bayan rasuwar Pattabhi Jois a 2009, mata da dama sun fito sun bayyana yadda yake taɓa su ta hanyar da ba ta dace ba da sunan gyara, kuma jikansa da ya gaje shi ya nemi afuwa a 2019. Bikram Choudhury, mai salon motsi 26 a ɗaki mai zafi, ya bar Amurka bayan kotu ta yanke masa biyan diyya a 2016. Duk inda aka ce malami ya fi ƙarfin tambaya, ɗalibi ne ke kwana a ciki. Abin da ya cancanci a riƙe daga tsohon tsari shi ne daɗewa da sa ido, ba miƙa wuya ba.

To ina matsayin yoga a rayuwar yau da kullum? A nan gara a rage buri. Shaida mafi ƙarfi tana kan ciwon baya mai daɗewa. A 2017 Kwalejin Likitocin Amurka ta sa yoga cikin abubuwan da za a fara gwadawa kafin a kai ga magani. A shekarar ce kuma wani bincike a Boston, kan mutum 320 masu ƙaramin ƙarfi, ya nuna cewa aji mai sauƙi na mako 12 bai gaza gashin ƙashi na asibiti ba wajen rage ciwo da dawo da motsi. Ga tela da direban mota da ma'aikacin da ke wuni a gaban kwamfuta, wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda ba ya bukatar inji ko fili, sai wurin da mutum zai miƙe da minti 20 a kullum. Mutane da yawa kuma suna samun sauƙin barci da raguwar damuwa daga jan numfashi a hankali. Amma masu cewa yoga tana warkar da ciwon suga ko daji sun wuce gona da iri. A 2024 sai da Kotun Ƙolin Indiya ta sa Baba Ramdev, malamin yogan da ya fi kowa suna a talabijin ɗin ƙasar, ya nemi gafara kan tallace-tallacen magungunan kamfaninsa masu yaudarar jama'a.

Saura tambayar da mai karatu Bahaushe zai fara yi: addini fa? Ba sabuwar tambaya ba ce. Tun ƙarni na 11 Al-Biruni ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci, ya yi nazarinsa a matsayin aƙidar wasu mutane. A zamaninmu, majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga a 2008 saboda abubuwan bauta da ke cikinta. A 2009 majalisar malaman Indonesiya ta haramta wadda ake haɗawa da ambato da ibadar Hindu, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Saudiyya ta amince da koyar da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017. A Indiya ma, bayan Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga, sai da aka cire gaisuwar rana daga tsarin bikin farko na 2015, bayan ƙungiyoyin Musulmi sun nuna rashin yarda. Wanda ya ce yoga ba ta da alaƙa da addini ko kaɗan bai faɗi gaskiya ba. Wanda ya ce duk miƙa baya bautar gumaka ce shi ma ya yi kuɗin goro. Ajujuwan sun bambanta ƙwarai, kuma haƙƙin ɗalibi ne a gaya masa abin da ke ciki tun kafin ya biya kuɗi.

Saboda haka, mai karatu, idan ciwon baya ko shawarar likita ta kai ka ƙofar ajin yoga, kada takardar da ke rataye a bango ta ishe ka. Tambayi malamin shekara nawa ya yi yana koyo kuma a hannun wa, tambaye shi ko akwai ambato ko wata bauta a ajinsa, ka kuma lura ko ya nemi sanin lafiyarka kafin ya ce ka hau tabarma. Idan bai tambaya ba, ka nemi wani.