Masu Gano Aljani a Cikin Labari

Duk inda aka taru ana kallon fim ko sauraron littafi a ƙasar Ikara, Maƙarfi da Kudan, ba a rasa mutum guda da zai riga kowa cewa, "Ku sa ido a kan wannan, ba mutum ba ne." Labari bai kai rabi ba, marubuci bai ce uffan ba, amma shi ya riga ya zargi baƙon da ya shigo gari da farar riga. Wasu na ɗaukar abin surutun majalisa ne kawai. Ni kuwa ina ganin gwaninta ce mai ƙa'idoji, kuma masu ita sun fi yawancinmu iya karatun labari.

Makarantar farko ta wannan fasaha ita ce tabarmar kaka. Ka tuna tatsuniyar budurwar nan da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba. Samarin gari duk sun zo ta kore su, sai ga wani kyakkyawa, jiki sumul, ba wanda ya san iyayensa. Kafin kaka ta kai wurin da ango zai rikiɗe a tsakiyar daji, yaro mai wayo ya gane, domin ya san ɗan Adam ba ya girma bai taɓa yin tuntuɓe ba. Rashin tabon shi ne shaida. Haka tatsuniyar maharbi da kyakkyawar matar da ta dame shi da tambayar asirin farautarsa: mai yawan tambaya irin wannan akwai abin da take ɓoyewa. Tatsuniyoyin dodanni da aljanu sun cika kundin nan mai juzu'i uku da Frank Edgar ya fitar tsakanin 1911 da 1913, amma tun kafin a rubuta su yara ke koyon fashin baƙi da su.

Kayan aikin gwani na farko alamomi ne. Yana duba lokaci: tsakar rana ne, ko almuru, ko talatainin dare? Yana duba wuri: gindin tsamiya ko kuka, bakin tsohuwar rijiya, kufai, juji, suri, ko kasuwa tana watsewa. Yana duba jiki: an nuna ƙafafunsa kuwa, ko ana ɓoye kofato ne? Yana da inuwa? Sai hali: ya ci abinci da mutane? Da aka yi bisimilla, ya zauna ko ya sulale? Karnuka sun yi haushi da ya wuce? Ƙa'idar ita ce alama ɗaya ba ta yanke hukunci. Kowa na iya hutawa a gindin tsamiya. Sai alamu sun haɗu sun tafi bai ɗaya sannan gwani zai buɗe baki.

Kayan aiki na biyu ya fi zurfi, wato sanin halayen iskoki kamar yadda al'adar bori ta tsara su. A can Jangare, birnin da aka ce na iskoki ne, kowanne yana da ɗabi'arsa. Ɗan Galadima ɗan sarki ne kyakkyawa, mai son ado da turare da caca, hannunsa ba ya riƙe kuɗi. Malam Alhaji tsoho ne mai carbi da tari. Sarkin Rafi mai zafin kai ne. Inna Bafulatana tana tare da shanu da nono, in ta yi fushi kuma sai ta shanye wa mutum ɓarin jiki. Danko maciji ne. Wannan sani bai yi nisa da mutanen yankin ba, domin akwai ƙauyukan Maguzawa a ƙasar tun da daɗewa, kuma a Giwa, nan cikin Zazzau, Baba ta Karo ta ba Mary Smith labarin rayuwarta, har da zancen bori, aka buga shi a 1954. Yawancin masu wannan fashin baƙi Musulmi ne da ba ruwansu da girka, kuma sun san malamai sun hana ta. Abin da suka riƙe shi ne jerin halayen, suna auna taurarin labari da shi. In fim ya kawo saurayi mai rabon kuɗi ba lissafi, wanda duk matar da ya aura sai ta shiga uku, za ka ji an ce, "Wannan Ɗan Galadima aka zana."

Na ga yadda ake wannan aiki wani dare na hunturu, a wurin dafa mazarƙwaila a gefen Maƙarfi. An kwance dokin da ke juya injin matse rake, ruwan raken na tafasa, wani saurayi ya kunna karatun Ruwan Bagaja na Abubakar Imam a wayarsa, labarin Alhaji da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe. Ana cikin haka ya tsayar da karatun.

"Baba, ni fa Malam Zurƙe bai kwanta mini ba. Duk garin da Alhaji ya sauka, sai ga shi. Ba a taɓa nuna mana yadda yake zuwa ba. Wane mutum ke tafiya haka?"

Dattijon da ke kwashe kumfa bai ɗago ba. "To, hujja ɗaya ke nan. Kawo ta biyu."

"Littafin ma ai neman ruwan da ke hannun aljanu ake yi."

"Wannan hujjar littafi ce, ba ta Zurƙe ba. Yaro, sau nawa Alhaji ya ƙulla masa sharri aka kama shi, ya sha ɗauri da duka? Ka taɓa jin aljanin da igiya ta riƙe?"

Saurayin ya yi dariya ya ce, "Allah ya ja kwana, Baba, ka kayar da ni." Wannan shi ne abin da ya fi burge ni. Zato ba ya tsayawa sai ya jure wa abin da labarin ya faɗa da bakinsa, kuma wanda aka kayar yana sallamawa.

Gwanintar ba ta tsaya a kan labaran gida ba. Finafinan Indiya na macijiya mai rikiɗa, irin su Nagin na 1976 da Nagina na 1986, sun sami masu kallo da suka riga suka san maciji mai shiga siffar mutum, shi ya sa suke hango abin da zai faru. Matasan da ke kallon Naruto a waya ma, da suka ji an ɗaure dila mai wutsiya tara a cikin jikin yaro, ba su buƙaci dogon bayani ba. Masu kallo a Japan na komawa ga tatsuniyoyinsu don warware irin wannan, kamar yadda na Hunkuyi ko Paki ke komawa ga nasu.

Akwai iyaka guda da gwani na ƙwarai ba ya ƙetarewa: ba ya fitar da zatonsa daga labari ya ɗora wa maƙwabci. Mun san yadda zargin maita ya wulaƙanta tsofaffin mata da ba su ji ba su gani ba. Mai hankali ya san marubuci ne ke shuka alama da gangan, rayuwa kuwa ba ta da marubucin da zai ɓoye kofato don a gano.

Marubuta da masu shirya finafinai su sani cewa irin waɗannan mutane na jiran su. In ka kawo aljani ba ka shimfiɗa alamunsa ba, za su ce ka yi ha'inci. In ka shimfiɗa alamu ka manta da su, za su tuna maka. Malaman adabi kuma da ke fama da ɗalibai a kan kawo hujja daga matani, su jarraba tambayar aji ko Malam Zurƙe mutum ne, su ga yadda hannuwa za su tashi.